Tagwayen Ƙwayoyin Cuta da Ɓarnar da Suke Yi a Jikin Mutum

Akwai cututtuka uku waɗanda kowa ya san sunansu a ƙasar Hausa, watau sanƙarau da ciwon huhu da ciwon sanyi. Na fari yana kama kai da wuya, na biyu ƙirji, na uku kuwa mafitsara. Wanda ya dubi inda kowanne yake kama mutum ba zai ce akwai abin da ya haɗa su ba. Amma in aka ɗebo ruwan bayan mai sanƙarau, ko kakin mai ciwon huhu, ko mugunyar mai ciwon sanyi, aka duba da madubin nan na likita mai ƙara wa abu girma, sau da yawa abin da za a gani kusan iri ɗaya ne: waɗansu 'yan ƙwayoyi dunƙulallu suna zaune biyu-biyu, kowace manne da 'yar'uwarta. Masana suna kiransu diflokokas. Kalmar daga harshen Girka take, rabinta na farko ma'anarsa ninki biyu, na biyun kuwa ƙwayar hatsi. Ni dai a wannan rubutu zan riƙa ce musu tagwaye.

Waɗannan ƙwayoyi suna cikin halittun da ake kira bakteriya. Ƙanƙantarsu ta wuce yadda mutum yake zato. Ku ɗauko rular da take cikin akwatin lissafi, ku dubi tazara mafi ƙanƙanta a jikinta, watau milimita ɗaya. To, sai an jera wajen ƙwaya 1,000 kafin a cika wannan 'yar tazara. Ba sa haihuwa, ba sa yin ƙwai. Ƙwaya ɗaya ce take girma, sa'an nan ta tsage gida biyu. A waɗansu irin bakteriya, da an tsage kowa sai ya kama gabansa. Waɗansu sukan zauna a jere kamar carbi, waɗansu kuma curi guda kamar 'ya'yan dabino a nononsa. Namu kuwa biyun da suka fito daga uwa ɗaya ba sa saurin rabuwa, shi ya sa ake ganinsu tagwaye. In suka sami ɗumi da abinci yadda suke so, sukan iya tsagewa duk bayan kamar rabin awa. Ke nan ƙwaya ɗaya tak tana iya zama 1,048,576 cikin awa goma. Wanda bai yarda ba ya ɗauki fensir ya yi ta ninka biyu har sau ashirin.

Mutumin da ya fara ganin bakteriya da idonsa ba likita ba ne. Wani ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek, wanda yake haɗa madubansa da hannunsa, ya kuwa ba da labarinsu a 1676. Sai da aka yi shekara ɗari biyu kafin a gane tagwayen namu, kuma cikin shekara takwas aka gano duka ukun. Albert Neisser na Jamus ya ga ƙwayar ciwon sanyi a 1879, yana ɗan shekara 24. A 1881 Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka suka sami ta ciwon huhu a cikin yawun mutum, ba tare da wani ya san aikin wani ba. A 1887 kuma Anton Weichselbaum ya fitar da ta sanƙarau daga ruwan lakar marasa lafiya a birnin Biyana na Ostiriya.

Sai dai fa kama da wane ba ta wane. Ƙwayar sanƙarau da ta ciwon sanyi 'yan gida ɗaya ne, har sunan zuriyarsu ma daga sunan Neisser aka ɗauko shi. Siffarsu kamar ɓarin goro biyu ne da suke fuskantar juna, cikin a shafe, bayan a kumbure. Ta ciwon huhu kuwa bare ce a cikinsu, tana da ɗan tsini a kowane gefe, ga wata riga mai kauri da ta lulluɓe tagwayen kamar gyaɗa biyu a cikin ɓawo ɗaya. Hanyar da ake rarrabe su ta fi komai ba ni sha'awa a darasin, don aikin marina ne sak. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, shi ya ƙago ta a 1884. Yadda ake yi yanzu shi ne, a shafa abin da aka ɗebo a kan ɗan gilashi, a zuba masa rini shunayya, a bi shi da aidin don ya kama, a wanke da sinadari, sa'an nan a zuba jan rini. Ƙwayar da take da bango mai kauri takan riƙe shunayyar ta ƙi saki, ita ce ta ciwon huhu. Mai siririn bango kuwa sai ta zuba, ta ɗauki ja, su ne ta sanƙarau da ta ciwon sanyi. Wannan aiki bai fi 'yan mintoci ba, alhali shuka ƙwayar a jira ta tsiro yakan ci kwana ɗaya ko biyu. Ga wanda yake kwance rai a hannun Allah, bambancin nan ba ƙarami ba ne.

Bari mu fara da ta ciwon huhu, wadda ake kira nimokokas. Abin mamaki, tana zaune a hanci da maƙogwaron mutane da yawa, musamman ƙananan yara, ba ta yi musu komai ba. Sai jiki ya yi rauni, alal misali bayan mura ko ƙyanda, ko saboda rashin abinci mai gina jiki, ko yawan shaƙar hayaƙin itace a ɗakin girki, sa'an nan take gangarawa cikin huhu. Huhun mutum cike yake da 'yan jakunkuna na iska. Idan ƙwayar ta shiga, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya, iska ta rasa wurin shiga. Daga nan sai zazzaɓi da tari da ciwon haƙarƙari da numfashi sama-sama. Ba ita kaɗai take kawo ciwon huhu ba, amma a cikin bakteriya ita ce kan gaba wajen kama yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon huhu iri-iri ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar wajen 740,000 a 2019 kaɗai.

Akwai abin da kowace uwa za ta iya yi a gida in tana da agogo. Idan yaro yana tari, a ɗaga rigarsa sa'ad da yake kwance shiru, a ƙirga numfashinsa cikin minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50, ya yi yawa. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi yawa. In kuma ana ganin ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, to, ba maganar jiƙo ko maganin tari ba ce, sai asibiti. Wannan ƙwaya ita ce kuma take yawan kawo ciwon kunne mai ruwa, takan shiga jini, har takan hau kai ta ba da nata irin sanƙarau, kamar yadda ya faru a yankin Buron Ahafo na Gana a ƙarshen 2015 zuwa 2016. Masu amosanin jini, watau sikila, sun fi kowa shiga haɗarinta, domin saifa ce take tace irin waɗannan ƙwayoyi masu riga daga cikin jini, tasu saifar kuwa takan lalace tun suna ƙanana. Akwai allurar rigakafinta. Nijeriya ta fara sa ta cikin alluran jarirai a watan Disamba na 2014, ana yi a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa.

Kafin in bar ta, ga wani ɗan labari ga masu son kimiyya. Rigar nan tata ita ce makaminta, don ita take hana fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta. A 1928 wani Baturen Ingila, Frederick Griffith, ya haɗa matattun ƙwayoyi masu riga da rayayyu marasa riga, ya yi wa ɓera allura da su. Kowanne shi kaɗai ba ya kisa, amma ɓeran ya mutu, aka kuma sami rayayyu masu riga a jininsa. Watau rayayyun sun gaji wani abu daga matattun. A 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa biyu a Amurka suka nuna cewa abin nan shi ne DNA, sinadarin gado. Ashe babin da yake ba mu wuya a ajin nazarin halittu daga jikin wannan 'yar ƙwaya aka fara buɗe shi.

Ta biyu, gonokokas, mai kawo ciwon sanyi, ba zan daɗe a kanta ba, ko da yake kunya ba ta warkar da ciwo. Sunan da muka ba shi yana ruɗin mutane, har waɗansu suna ɗora laifin a kan wanka da ruwan sanyi, ko zama a kan siminti, ko shiga masai. Gaskiyar magana ita ce ƙwayar ba ta daɗewa a raye in ta bar jikin mutum, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Ga namiji takan kawo zafin fitsari da fitar mugunya. Mata da yawa kuwa ba sa ganin alamar komai, ita kuma tana can tana hawa sama, har ta toshe hanyar da ƙwai yake bi zuwa mahaifa. Sau nawa ake zargin mace da rashin haihuwa, alhali ciwon kawo mata shi aka yi? Shi ya sa in za a yi magani, miji da mata ake yi wa tare. Jariri ma yakan ɗauka a ido wajen haihuwa. Idan idon jinjiri ya kumbura yana zubar da kwantsa mai kauri cikin kwanakin farko, kada a tsaya ɗiga nono ko sa kwalli, domin cikin 'yan kwanaki yana iya makancewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamu miliyan 82 a duniya a 2020. Abin tsoro game da ita shi ne taurin kai. Da can fenisilin yana kashe ta, amma a 1976 aka sami irin da ya gagare shi, daga nan ta yi ta gagarar magunguna ɗaya bayan ɗaya. Duk mai sayen kafso biyu a kemis ya sha, ya bari da ya ji sauƙi, yana cikin masu koya mata wannan taurin kai.

Yanzu sai babbar, meningokokas, mai kawo sanƙarau na annoba. Ita ce ta fi shafarmu, mu da muke kwana da yawa a ɗaki ɗaya.

Ƙwaƙwalwa da laka suna naɗe cikin wani tantani mai hawa uku, da wani ruwa garai-garai yana kewaya su. Sanƙarau shi ne kumburin wannan tantani. Ƙwayar ba ta da mazauni sai jikin ɗan Adam. Ba a samunta a dabba, ko a rijiya, ko a cizon sauro. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita a maƙogwaro yana yawonsa lafiya lau, a lokacin annoba kuwa adadin yakan fi haka. Daga irin waɗannan masu lafiya ake yawan ɗaukarta, ta tari da atishawa da kwana kusa da juna da shan ruwa a kofi ɗaya. Ga mafi yawan mutane iyakarta maƙogwaro, har jiki ya saba da ita ya kore ta. Ga 'yan kaɗan kuwa sai ta huda fatar maƙogwaron ta faɗa cikin jini, daga nan ta kai ga kai. Tsakanin ɗauka da bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10.

A nan ne nake so in yi magana a kan abin da muka taso muna ji, wai zafi ne yake kawo sanƙarau. Iyayenmu ba su yi kuskuren lura ba, don lalle ciwon yana farawa cikin hunturu, ya yi tsanani a bazara wajen Maris da Afrilu, da ruwan sama ya sauka kuma sai ya kwanta kamar an yi masa tsawa. Amma zafi shi kaɗai ba ya haifar da ƙwayar da babu ita. Abin da masana suka fi ƙarfafawa shi ne, busasshiyar iska da ƙura suna busar da hanci da maƙogwaro su farfasa su, kamar yadda suke yi wa leɓe da diddige, sai ƙwayar ta sami ƙofa. Ga kuma mura da tari na lokacin, ga mutane sun cunkushe a ɗaki sun toshe ko'ina saboda sanyi. Saboda haka shawarar nan ta a buɗe tagogi, a rage cunkoso, a kwana a tsakar gida, shawara ce mai kyau, ko da dalilin da ake bayarwa bai cika daidai ba.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana yankin da wannan annoba take yawan aukuwa a Afirka. Yadda aka san shi yanzu, ya miƙe daga Sanagal a yamma har Habasha a gabas, ya ratsa ƙasashe 26, arewacin Nijeriya da kudancin Nijar kuwa suna tsakiyarsa. Tun a 1905 aka rubuta labarin babbar annobarsa a arewacin Nijeriya. Wadda manyanmu ba sa mantawa ita ce ta 1996. A wannan shekara mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A Afirka baki ɗaya, daga 1996 zuwa 1997, an ƙirga fiye da 250,000 da suka kamu, da 25,000 da suka rasu. A cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu. Aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Na kawo wannan ne don in wani dattijo ya yi ɗari-ɗari da allura, kada mu yi saurin ce masa jahili. Bayani yake bukata.

Alamun ciwon su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, da ƙin haske, da sanƙarewar wuya har mutum ya kasa kai haɓarsa ga ƙirji. Daga nan sai sambatu, ko suma, ko jijjiga. Wani lokaci waɗansu ɗige-ɗige sukan fito a fata waɗanda ba sa ɓacewa in an danna su. A baƙar fata suna da wuyar gani, sai a duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. Jariri kuwa wuyansa ba lalle ya sanƙare ba. Shi sai ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai ƙara, maɗigarsa ta kumbura. Babban haɗarin shi ne a rana ta farko ciwon yana kama da zazzaɓin cizon sauro, sai a ba mutum ƙwayar zazzaɓi a ce ya kwanta zuwa safe. Sanƙarau kuwa yana iya kashe saurayi mai ƙarfi cikin awa 24. In ba a yi magani ba, yakan ɗauke har rabin waɗanda ya kama. Ko an yi ma, wajen ɗaya cikin goma yakan rasu, kuma cikin waɗanda suka tashi, har ɗaya cikin biyar yakan tashi da kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin gaɓa, ko wahalar koyon karatu.

A asibiti likita zai so ya ɗebi ruwan baya. Iyaye da yawa suna ƙin wannan, suna cewa shi ne yake gurgunta yaro. Allurar a ƙasan gadon baya ake sa ta, can ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma abin da ake ɗiba ɗan kaɗan ne, jiki yakan mayar da shi cikin 'yan sa'o'i. Ruwan mai lafiya garai yake kamar ruwan randa, na mai sanƙarau kuwa yakan yi gurɓi kamar tsala. Daga shi ake gane wace ƙwaya ce, ta hanyar rinin nan na Gram da sauran gwaje-gwaje. Naƙasar da ake gani daga baya aikin ciwon ne. Maganin da aka fi yi yanzu allurar seftiriyazon ce, kuma in ana zargin sanƙarau likitoci ba sa jiran sakamako kafin su fara.

Maganar rigakafi tana da ɗan tsawo, domin ƙwayar nan ba riga ɗaya gare ta ba. An san iri 12, shida daga ciki su ne masu kawo annoba: A da B da C da W da X da Y. Allurar da aka yi don wata riga ba ta tare wata. Alhazai sun san wannan tun da daɗewa. Bayan annobar irin A a aikin Hajji na 1987, da ta irin W a 2000, Saudiyya ta wajabta wa maniyyata allura mai tare iri huɗu. A yankinmu irin A ne ya fi yin ɓarna shekara da shekaru, har da ta 1996. A watan Disamba na 2010 aka fara wata sabuwar allura, MenAfriVac, a Barkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi a 2011. Wani kamfani ne na Indiya ya yi ta, kuɗin kowace ɗaya bai kai rabin dala ba. Cikin 'yan shekaru irin A ya yi ɓatan dabo a duk ƙasashen da aka yi ta.

Sai dai da A ta kau, C ta ɗago kai. Ta fara bayyana a wajejen Sakkwato a 2013, ta addabi Yamai a 2015, sa'an nan daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ta kama mutum fiye da 14,000 a Nijeriya, galibi a Zamfara da Sakkwato da Katsina, fiye da 1,000 suka rasu. A farkon 2024 kuma ta shiga makarantun kwana a Jihar Yobe ta ɗauki rayukan ɗalibai irinmu. A cikin wannan shekara ta 2024 ne Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da wata allura mai tare iri biyar gaba ɗaya, watau A da C da W da X da Y, aka fara da jihohin Jigawa da Bauci da Yobe. Don haka wanda aka yi wa allurar A yana ƙarami kada ya ce ya gama, in masu allura sun zo makaranta ya miƙa hannu.

Abin da ya rage a kanmu ne mu mazauna ɗakin kwana. Ba mu muke gina ɗakuna ba, ba mu muke ƙayyade yawan gadaje ba, wannan na hukuma ne, kuma ina fatan iyaye za su riƙa leƙa inda muke kwana ranar ziyara, ba ajinmu kaɗai ba. Amma mu ne muke toshe tagogi da kwali da bargo in hunturu ya shigo, mu ne muke haɗa gado biyu mu kwanta mu huɗu, mu ne muke karɓa-karɓar kofi da cokali. Mu ne kuma muke fara sanin wanda ba shi da lafiya, tun kafin malamin gida ya sani. Idan na gadon kusa da kai ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, ka ce masa ya sunkuyar da kansa ya taɓa ƙirji da haɓa. In ya kasa, ko ya fara maganar da ba ta da kan gado, ko yana rufe ido in an haska tocila, ka tashi shugaban ɗaki, ku je ku buga wa malamin gida ƙofa, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ko ya iya sunkuyarwar ma, in jikin yana ƙara tsanani, kada a jira ƙararrawar safe. Waɗanda suka kwana kusa da shi kuma su ba malaman asibiti sunayensu, domin akwai maganin da ake ba su don ya kashe ƙwayar tun tana maƙogwaro.